Shekarar da Taki Ya Rasa Gona

Tun da kuka zauna nake jin ɗayanku yana cewa ai taki ba wani abu ba ne, shara ce a tara a bar ta ta ruɓe. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin Ba Bukar, mai haɗa taki a bayan kasuwar shanu, ya ce masa, "Ga Kyari nan. Ɗinki ya ƙi shi, kasuwa ta ƙi shi, ka gwada shi a naka." Kun ce kun kafa ƙungiyar samarin Ajilari, kuna son in koya muku. To, ku gyara zama. Daga zaune zan yi bayani, gwiwoyina sun daina yarda da tsayuwa.

Aikina na farko tsinta ne. Ba Bukar bai bar ni na taɓa cebur ba sai da damina ta zo ta wuce. Ya ajiye ni gaban rariya, wato ragar waya da aka buga wa katako aka jingine ta da sanduna. Ana watsa mata shara, mai laushi ta zube ƙasa, ni kuma in tsince abin da ya rage da wanda ya sulale: kwalba, ƙusa, tsumma, ƙashi, mataccen batir. Leda ba ta yi yawa ba a lokacin, da ganye da takarda ake ƙunshe abu. Da yamma sai ya zo ya cusa hannu cikin abin da na tankaɗe. In ya ci karo da fasasshiyar kwalba ba ya faɗa, sai dai in zo cin tuwo in tarar da ita a gefen kwanona. Sau ɗaya ya yi mini bayani. Ya ce, "Mai lambu ba takalmi yake shiga fadama. Abin da ka bari, ƙafarsa za ta same shi."

Haɗa tuli kuwa gini ne. Ana shimfiɗa kara a ƙasa don iska ta samu hanya. Sai kashin shanu, sai toka, sai sharar gida, sai busasshen ganyen dogon yaro, sai abin da mahauta ke zubarwa daga tumbin dabba, a sake komawa farko har ya kai ƙirjin mutum. Ruwa kaɗan ake ba shi. Ka damƙa a hannu, ya dunƙule amma kada ya ɗiga. Muna da wani dogon rodi da muke sokawa har tsakiya, a bar shi ya jima, a zaro a ɗora a bayan hannu. In ya yi zafin da za ka janye hannu, tulin yana aiki. In ya fito da sanyi, ya mutu, sai an warware an sake. In kuma warin masai ya buge ka, ruwa ya yi yawa. Bayan haka sai juyi: na waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje, da cebur da manjagara, tururi yana dukan fuskarka. Juyin nan shi ya cinye mini baya. Takin da ya nuna baƙi ne, yana warwashewa, ƙamshinsa irin na ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Ɗanyensa kuwa ƙone shuka yake yi, kuma mai lambun da ka ƙone wa iri ba zai sake kallon inda kake ba.

Kashin shanu daga garken Alhaji Jidda muke samu. Ɗan Shuwa ne, iyayensa makiyaya, shi ya zauna a gari ya zama dillalin shanu. Yarjejeniyarmu mai sauƙi ce: mu share masa garke, abin da muka kwashe namu ne. In ya gan mu yakan ce, "Kyari, shanuna suna yi muku aiki ba hutu, ku ko sannu ba kwa ce musu."

Masu saye kuma masu lambu ne na Alau da na bakin kogin Ngadda, kowa da irin nasa. Mai albasa yana son toka ta yi yawa. Mai tumatir yana son wanda ya daɗe da nuna. Masu karas da latas sai an sake tankaɗe musu ya yi laushi kamar gari. Wanda ya fi kowa wahalar gamsuwa shi ne Malam Usman mai albasa. Sai ya murza, ya shinshina, ya ɓata fuska, ya ce na bara ya fi, sannan ya ce a kawo masa. Da jakai muke kaiwa, a cika mangala a ɗora, mu bi su a ƙasa. Da Ba Bukar ya rasu ya bar sana'ar a hannunmu, ni da ɗansa Modu, wanda na girme shi kaɗan. Kafin nan gari ya riga ya ture mu daga bayan kasuwa zuwa filin nan da kuke zaune. A lokacin, nan ne ƙarshen unguwar Ajilari, in ka tsaya ba ka ganin komai sai ƙaya da fili.

Da fitina ta fara, abin da muka fara gani shi ne shingaye a hanya. Aka kuma matsa wa takin zamani, saboda mutanen daji, masu tayar da fitinar, suna haɗa abin fashewa da shi. Za ku ce ai kasuwarmu ta buɗe ke nan. Ta ɗan buɗe. Amma wata safiya muka isa wani shinge da jakai, sojan da ke wurin ya nuna mangala ya tambayi abin da ke ciki. Modu ya ce, "Taki ne." Sojan ba ya jin Hausa sosai, amma kalmar nan ya san ta, kuma ya san an hana. Nan take aka zaunar da mu a rana, aka sa muka juye komai a ƙasa, suka bi shi da ƙarfe suna tonawa. Sai bayan azahar aka sallame mu, muka sake kwashewa da hannu. Ban ga laifinsu ba, an sha kashe 'yan uwansu da abin da aka ɓoye a buhu. Daga ranar muka daina cewa taki, sai mu ce kashin shanu ne. Juyewar dai ba ta tsaya ba. Kaya ɗaya sai ka loda shi a nan, ka sauke a shinge, ka sake lodawa, ka sauke a na gaba.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan shekarar da gonaki suka rufe. Aka fara tare manoma a lambunansu, wasu a kashe, wasu a tafi da su. Aka haƙa rami aka kewaye gari, fita sai da izini. Masu lambu suka dawo cikin gari suka zauna kamar kowa. Tulinmu ya nuna, babu mai saye. Shara kuwa ba ta san an rufe hanya ba. Shanun Alhaji Jidda sun daina fita kiwo, suna tsaye a garke, kashi yana taruwa, mu kuma mun yi alkawarin kwashewa. Muka yi ta kawowa muna tarawa, muna cewa wata mai zuwa za a buɗe.

A daidai lokacin ne mutanen ƙauyuka suka cika unguwar. Duk wani kango da ba a gama ginawa ba ya samu mazauna, wasu suka kafa bukkokin buhu har jikin filinmu. Inda da ba kowa, yanzu mace tana hura wuta kusa da tuli. Damina ta sauka, ruwa ya bi ta cikin taki ya fito baƙi, ya gangara ƙofofin mutane. Sai amai da gudawa ya shigo, ya ɗauki yara da tsofaffi. Mutane suka ce tulinmu ne. Har yau ban ce shi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Wuraren bayan gida ba su isa ba, rijiyoyi a buɗe suke. Amma wanda ya binne ɗansa, abin da idonsa ke gani zai nuna, kuma tulinmu ya fi komai tsawo a wurin.

Bulaman unguwa ya aiko aka kira mu. Ya ce, "Kyari, mahaifin Modu abokina ne, ba na son in yi muku wannan magana. Amma mutane sun zo mini har gida. Ku kwashe shi."

Na ce, "Ba Bulama, mu kai ina? Hanya a rufe take."

Ya ce, "Wannan ban sani ba. In ba ku kwashe ba, za su sa hannu su kwashe, kuma filin ba zai dawo hannunku ba."

Ana cikin haka sai Malam Usman ya aiko da saƙo. An fara barin manoma su fita da safe su dawo kafin la'asar, ya koma lambunsa, yana son taki don albasa. Na ce wa Modu mu dakata mu ga yadda fitar za ta kasance.

Ya ce, "Ya Kyari, in muka dakata, me jakan nan za su ci, balle yara? Ga Bulama kuma yana jira. Kowace mangala ta fita, an rage."

Na ce to mu tafi tare. Ya ce a'a, wani ya tsaya ya haƙa wa ruwan nan hanya kafin a sake yin ruwan sama. Ya ɗora wa jakai kaya ya bi ayarin manoma. La'asar ta yi, ayari ya dawo a warwatse, babu shi. Waɗanda suka tsira suka ce mutanen daji sun fito musu ana tsakar aiki. Washegari aka je da rakiya aka ɗauko su, Modu da Malam Usman da wasu. Muka yi musu salla muka kai su. Jakan ba a ƙara ganinsu ba. Allah Ya jiƙansu. Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Bayan an share makoki na ari baro. Akwai wani rami can ƙasan unguwa inda ake haƙar ƙasar gini, na fara kai takin ina zubarwa. Taki nunanne, wanda muka juya da bayanmu, ina tura shi rami kamar ƙazanta. Ni kaɗai, da baro mai karkatacciyar ƙafa, ko shekara zan yi ba zan gama ba. Na dai ci gaba don Bulama ya ga ana yi.

A hanyar ramin nan wata dattijuwa ta tare ni. Ya Kaltum ake ce mata, daga wani ƙauye na bakin tafki ta gudo da jikokinta, tana zaune a ɗaya daga kangayen. Ba ta ko gaishe ni ba, ta sa hannu cikin baro ta damƙo, ta kai hanci. Sai ta dube ni ta ce da Kanuri, "Kai, lafiyarka ƙalau kuwa? Wannan kake zubarwa?"

Na ce, "Babu gonar da za a kai shi."

Ta ce, "Ba ni da abin biya."

Na ce, "Ban tambaye ki ba. Rami zan kai."

Ta koma ta ɗauko kwano babba ta cika. Abin da ta yi da shi ban taɓa gani ba, ni da na tsufa a sana'ar. Ta samo buhunan da aka ba su hatsin tallafi a ciki, ta cakuɗa yashi da taki ta ɗura, ta tsayar da su jikin bango, ta huda gefe da gefe. Irin da ta ƙullo a bakin zanenta ranar gudu ta shuka, yakuwa da kuɓewa da alayyafo. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwano take ba su. Ana ba su hatsi, in ji ta, amma ba wanda ke ba su abin miya, kuma ita tun da aka haife ta ba ta taɓa sayen ganye ba. Kafin damina ta ƙare bangon kangon nan ya yi kore. Sai mata suka fara zuwa wurina ɗaya bayan ɗaya, kowace da kwano ko bokiti, har da waɗanda suka kai ƙarata.

Ya Kaltum ce ta ce mu je wurin Bulama. Ita ta yi magana a zaman. Ta ce, "Ba Bulama, ka ce a kwashe. Ba ka ce a kai ina ba. Ka ba mu lokaci, mu za mu kwashe shi a ka."

Bulama ya ce, "In kun kwashe wannan, ai Kyari zai tara wani."

Ta ce, "Zai tara, da sharar da ke toshe mana ƙofa. Amma ba a nan kusa da mutane ba, kuma ba yadda ruwa zai bi ta ciki ba. Shi ya san yadda za a yi, mu muna da hannu."

Haka aka yi. Tulin da ya gagare ni da baro, mata suka ɗauke shi da kwanuka. Sabon kuma muka mai da shi can kusurwar da kuke gani, muka yi masa tudu, muka kewaye shi da magudana, muka rufe da tsohon kwanon rufi da tamfol. Alhaji Jidda ya ba mu aron amalanke da sa ɗaya. Ya Kaltum ta kafa doka: kwanon farko kyauta ne, daga nan duk mai son taki ta kawo tokar murhunta da sharar gidanta, ba leda a ciki, ko ta zauna gaban rariya ta yi tsinta. Ni ma na kafa tawa: ba ƙazantar mutum, ba sharar shagon magani, kuma duk ƙarfen da ba a gane shi ba, kada a buga, kada a jefa, a kira ni. Wannan ta ƙarshe ba don wasa ba ce. Mun taɓa tsintar harsasai masu rai a cikin shara, sai da muka kira jami'ai suka ɗauke.

Leda ita ce sabon ciwon sana'ar. Yanzu in ka buɗe shara, kusan rabi ita ce. Ledar ruwan sha dai mun samar mata aiki: a yanke bakinta, a cika da taki, a rena dogon yaro da zogale, don a shekarun nan da ba a zuwa daji itace, an sassare bishiyoyin unguwa an dafa abinci da su. Yawancin inuwar da ke layin masallaci daga ledojin nan ta fito. Gwangwani da ƙarfe kuma masu sayen gwangwan suke ɗauka, abin da aka samu na matan rariya ne, ba na sa hannu. Sauran ledar har yau ba mu san yadda za mu yi da ita ba. Muna tarawa, iska tana kwashewa, awaki suna ci suna mutuwa.

Kada ku ɗauka labarin arziki nake ba ku. Sana'ar ba ta koma yadda take ba. Wanda ya saba cika jakai ya koma awo da kwano, wani lokaci ladan ma damin alayyafo ne. Wata mata allura ta soke ta a tsinta, hannun ya kumbura, har yau yatsan ba ya lanƙwasuwa. Tari kuwa duk wanda ya daɗe gaban rariya yana da shi, kun ji nawa. Da hanyoyi suka ɗan lafa masu lambu sun dawo saye, amma da yawa daga waɗanda na sani ba su cikin masu dawowa, 'ya'yansu ne ke zuwa.

Ya Kaltum ta tafi lokacin da aka fara mai da mutane garuruwansu. Daga baya wani direba ya kawo mini ƙullin busasshiyar kuɓewa daga wurinta. Ya ce ta tarar da gidanta toka, ta tsince ƙusoshi da guntayen kwanon rufi, ta shuka a inda ɗakinta yake. Tun daga nan ban sake jin labarinta ba.

Wadda ta riƙe wurin bayan tafiyarta ita ce Yagana, matar Modu. Da ta fita takaba ta zo ta zauna gaban rariya ba tare da ta nemi izinin kowa ba, don yara huɗu ya bar mata. A hankali ta koyi haɗi, ta koyi rodi, ta koyi sanin nunanne da hanci. Yau ita ke raba aiki, ita ke magana da masu lambu, ita ke sasanta mata in sun saɓa. Ni suna kawai na rage, sai in tuli ya yi gardama a zo a tambaye ni.

To ga abin da ya sa na bar ku kuka zauna har na yi wannan dogon zance. Labari ya iso nan cewa kun samo keke mai ɗaukar kaya, za ku riƙa bin ƙofofin Ajilari kuna kwashe shara. Niyya ce mai kyau, kuma muna bukatarku. Juyi yana son baya mai ƙarfi, mu namu sun ƙare. Ga gidajen unguwar Jiddari Polo can da shara mai yawa, ga ruɓaɓɓen ganye da ake zubarwa a Kasuwar Litinin, duk ƙafar matan nan ba ta kaiwa, kekenku zai kai. Amma sharar Ajilari da tokarta su ne abin da matan nan ke riƙewa su zo su karɓi taki, da gwangwanin da ke ciki suke sayen sabulu da gishiri. Su suka ɗauki wurin nan a ka lokacin da kowa ke toshe hanci.

Shekaranjiya Yagana ta ajiye cebur ta zo ta tsaya a nan inda kuke zaune. Ta ce, "Ba Kyari, in yaran nan suka kwashe daga ƙofa, mu me za mu kawo?"

Na ce mata za ku zo, kuma ba zan nuna muku ko riƙon manjagara ba sai kun zauna da ita da sauran matan kun daidaita. Ga ta can a kusurwa, mai shuɗin mayafi, ta ga shigowarku tun ɗazu. Ku tashi ku je ku ba ta amsa. Ni na gaji.